Kwikwiyona yana ɗaukar tsuntsu amma ba ya kawo min, ya ake koya masa?

Ɗan_Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa mafarauta da masu kiwon karnuka na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema. Ina da kwikwiyo namiji ɗan wata biyar, irin namu ne na gida, uwarsa karyar farauta ce ta wani kawuna, gwanar zomo ce sosai. Ni kuma harbin tsuntsu nake, zabon daji da fakara, wani lokacin hasbiya, kuma inda nake zuwa ciyawa ce da sabara mai duhu, sau da yawa zaka harbi fakara ka ga faɗuwarta da idonka amma ka nema ka rasa, balle ma in fiffike kawai ka karya mata ta sheƙa da ƙafa. Shi yasa nake so karen nan ya koyi ɗauko min. Matsalar ita ce in na jefa masa abu yana zuwa da gudu ya ɗauka, amma maimakon ya dawo sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya kwanta yana tauna, in na nufo shi ya ƙara gaba. Na gwada shi da kurciya sai da ya fige ta tas. Shin karen gida yana koyon wannan aikin kuwa, ko sai na Turawan nan da muke gani a YouTube? In yana koya ta ina ake farawa?

Sarkin_Baka77:
Wa alaikumus salam. Yaro gaskiya zan faɗa maka, mun gaji farauta iyaye da kakanni amma ban taɓa ganin an ce kare ya kawo nama hannu ba. Kare ya kama ya danne, kai ka ruga ka karɓa kafin wani ya riga ka, haka ake yi. Wanda ya taɓa shiga farautar gayya ya san karen da ya saki nama da sauƙi mai shi ba zai koma gida da komai ba, ƙwace za a yi. Shi yasa muke son mai riƙo da ƙarfi. Jinin da ke jikin naka kenan.

Baban_Ummi:
Ranka ya daɗe Sarkin Baka maganarka gaskiya ce a farautar gayya, amma shi ɗan uwan nan shi kaɗai yake fita da bindiga, ba mai ƙwace masa. Kuma karen gida yana koya, ina da karya yanzu haka da take kawo min zabo har hannu.

Ɗan_Fadama, tunda yana bin abu da gudu yana ɗauka to rabin aikin ya ƙare, wanda ke da wahala shine karen da zaka jefa ya tsaya yana kallonka. Abu na farko ka daina binsa, duk sanda ka bi shi to wasan tsere ka koya masa kuma ya fi ka gudu. Na biyu ka ɗauke tsuntsu gaba ɗaya yanzu. Ka samu tsohuwar safa ka cusa tsumma ta yi kauri kamar damtse ka ɗaure bakin. Ka shiga da shi lungu ko soro inda ba hanyar fita sai ta wajenka, ka durƙusa a bakin ƙofar ka jefa ciki kusa kusa. In ya ɗauka dole ta gabanka zai biyo. Ya iso kar ka taɓa safar tukuna, ka rungumo shi ka shafa ƙirjinsa kana yaba masa abin na bakinsa, sai can ka sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ka ce "ba ni" ka zare a hankali. Jifa biyu ko uku ka tsaya, ka ɓoye safar inda ba zai gani ba sai gobe. Ka bar shi yana marmari, kar ka bari ya gaji da abin.

Likitan_Dabbobi_KD:
Ƙari akan na Baban Ummi, ku lura da watanninsa. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, daga wajen wata huɗu suke fara zuba, zuwa wata shida ko bakwai manyan su cika 42. Wato naka yana tsakiyar famfara, dasashinsa na masa ƙaiƙayi da ciwo, komai ya samu taunawa zai yi. Ka buɗe bakinsa ka duba zaka ga giɓi ko ɗan jini. Wannan ba lokacin da za a yanke masa hukunci cewa mai tauna nama bane. Abu mai laushi kawai, kuma kar a yi ja-in-ja da shi da tsumma, ka gargaɗi yaran gida ma.

Ɗan_Fadama:
Allah ya saka da alheri. Likita na duba yanzu wlh haƙoran gaba biyu babu. Yara kuma kullum suna ja da shi da igiya, zan hana.

Injiniya_Zariya:
Ni fa ina ganin kar a wahalar da bawan Allah. Karnukan da yake gani a bidiyo Labrado ne da irinsu, an yi shekara sama da 150 ana zaɓen iri saboda wannan aikin kaɗai. Asalinsu karnukan masunta ne na tsibirin Nufanlan a Kanada, suna taya jan igiyar taru da ɗauko kifin da ya kuɓuce, aka kai su Ingila a ƙarni na 19 manyan masu harbin tsuntsu suka ci gaba da tace su, a 1903 ƙungiyar masu karnuka ta can ta yi musu rajista a matsayin iri na daban. Kwikwiyon Labrado tun bai san komai ba zaka ga yana yawo da takalmi a baki yana neman wanda zai miƙa wa. In da hali ka nemi ɗaya a Kaduna ko Jos ko Abuja ka huta.

MaharbinGumel:
Injiniya ka taɓa fita daji da Labrado a watan Afrilu? Gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi ne, kafin hantsi harshe ya zubo yana neman inuwa. Ga ƙarangiya, ga tsidau, ga kaska. Namu da ƙanzo da ɗan romo ya wuni yana gudu.

Injiniya_Zariya:
Ban musa zafi ba, amma harbin fakara ai da asuba ne da yamma lis. Abin da nake cewa wanda aka haifa da halin ya fi wanda za a dasa masa.

Ba'adare_Tawa:
Salamu alaikum, ku gahwarce ni in sa baki. Nan wajenmu arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, akwai karen Buzaye na Azawak, dogo siriri, ba abin da ka tsere mai, zomo ko barewa. Amma da ido shika hwarauta ba da hanci ba, in abu ya ɓace mai cikin haki shikenan ya tsaya. Kuma in ya kama nan shika tsayawa, ba shi kawowa. To karnukan ƙasashenmu da yawa suna da wanga jini. Ni shawarata ɗan uwa ya gwada hancin nashi tun yanzu, ya ja hwiffike bisa ƙasa ya ɓoye bayan icce, ya ga ko zai sa hanci ƙasa ya bi. In shina bin sawu da hanci to ko bai kawo ba ya kai ka inda tsuntsun yake, ai buƙata ta biya.

Baban_Ummi:
Wannan magana ta Ba'adare a riƙe ta. Aiki biyu ne, nemowa daban kawowa daban. Amma kar a haɗa su rana ɗaya.

Almajirin_Malam:
Bari in kawo ɓangaren addini dan naga ba wanda ya taɓo, kuma yana da alaƙa da taunar nan. A Suratul Ma'ida aya ta 4 Allah ya halatta mana abin da dabbobin farautar da muka koyar suka kama mana, tare da ambaton sunan Allah. Sannan hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke Bukhari da Muslim, ma'anarsa in ka saki karenka koyayye ka ambaci sunan Allah to ka ci, amma in karen ya ci daga ciki kar ka ci domin kansa ya kama wa, haka in ka tarar da wani kare tare da naka baka san wanda ya kashe ba. To kun ga karen da ke shigewa ƙarƙashin rumbu yana ci da sauransa kafin a kira shi koyayye.

Abu_Sumayya:
Malam a ƙara bayani dai, a mazhabarmu ta Malikiyya ko karen ya ci ana cin sauran, Imamu Malik bai sa rashin ci cikin sharaɗi ba. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad su ne suka tafi akan hanin.

Almajirin_Malam:
Haka ne akwai saɓanin, na gode da gyara. Amma ga inda nake so a duba, shi ɗan uwanmu harbi yake. Tsuntsun da aka karya wa fiffike yana da rai, in ya zo hannunka da rai wajibi ne ka yanka. To karen da zai kawo maka shi da ransa ba tare da ya murƙushe shi ba ya fitar da kai daga duk wani kokwanto, ka sa wuƙa ka yi bismilla shikenan. Turawa suna son kare mai sassauƙan riƙo dan kar nama ya lalace, mu namu dalilin ya fi nasu ƙarfi.

Gwanki_Ningi:
Maganin tauna mai sauƙi ne, ka naɗe tsuntsun da ƙayar aduwa ko waya, ya ciza sau ɗaya ta soke shi ba zai ƙara ba. In ya gudu da shi kuma ka kamo shi ka zane shi da tsumagiya. Haka muka ga ana yi.

Likitan_Dabbobi_KD:
Dan Allah kar a yi wannan. Bakin da ke famfara zaka sa wa ƙaya? Abin da zai koya shine tsuntsu yana ciwo, gobe ya je ya tsaya a kansa ya ƙi ɗauka. Duka kuma ka duba lokacin da kake yinsa, sai ya zo hannunka ko ka kamo shi sannan ka doke shi, a kansa zuwa wajenka ne laifin. Mai neman kare ya dawo gare shi da abu a baki shine mutum na ƙarshe da ya kamata ya doke shi.

Gwanki_Ningi:
Likita ku na asibiti ne mu na daji ne. Kare in ba ya tsoronka ba zai bi ka ba.

MaharbinGumel:
Gwanki nima ɗan daji ne kuma ban yarda ba. Na ga kare mai kyau da aka lalata da duka, ko hannu ka ɗaga zaka gyara hula sai ya kwanta yana fitsari. Murya ta isa, in ka daka masa tsawa ɗaya ya san ya yi ba daidai ba.

Wani abu da ba a faɗa ba, al'adar nan tamu ta farke tsuntsu a daji a jefa wa kare kayan ciki da kai wai dan ya ƙara zafin nema. Ga karen zomo ba laifi. Ga wanda kake so ya kawo tsuntsu kuwa kana gaya masa ne cewa cikin gashin nan akwai abinci. Ka bari sai kun koma gida a dafa a zuba masa a kwanonsa, kuma banda dafaffen ƙashin tsuntsu, yana tsagewa ya soke hanji.

Maman_Hanif:
Sallama gare ku. Ni ba mafarauciya bace, mijina ne ke da karnuka, amma ina da tambaya dan mu abin yake shafa. In aka koya masa da fiffiken zabo, kajinmu da zabbinmu na gida fa? Mun sha biyan kuɗin kajin maƙwabta akan kare, har zumunci ya so ya ɓaci.

Baban_Ummi:
Hajiya tambayarki tana kan hanya. Kare yana bambancewa in an nuna masa tun yana ƙarami. A sa masa igiya a zauna da shi lokacin da ake watsa wa kaji tsaba, ya zabura a ja igiyar a ce "bari", ya kau da kai a yaba masa. Kullum, har kaza ta wuce ta gaban hancinsa bai ɗaga kai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma kar a taɓa yin atisayen jifan a tsakar gida inda kaji suke, a fita waje, ya san wancan aikin na daji ne. Amma in ya riga ya kashe kaza ya ci to sai an dage sosai, kar a bar shi sake ba kowa.

Maman_Hanif:
To Allah ya sa su ji, na gode Baban Ummi.

Ɗan_Fadama:
Na fara na lungun kuma alhamdulillah yana zuwa, sai dai yana isowa kamar taku biyu sai ya tofar da safar ya zo yana shinshina hannuna. Ƙuli-ƙuli nake ba shi in ya kawo.

MaharbinGumel:
Ƙuli-ƙulin ne. Ya ji ƙanshinsa dole ya buɗe baki. Cire shi, ladansa shine ka sake jefawa.

Injiniya_Zariya:
Ba sai an cire ba, a gyara lokacin bayarwa dai. Ya bar shi a aljihu, sai safar ta taɓa tafin hannunsa sannan ya fito da shi. In ya tofar a ƙasa ba komai, kar a yi faɗa kar a ba shi. Karen gida da ba shi da son ɗauko abu a jini yana buƙatar dalili, abinci kuma shine dalilin da ya fi ganewa.

Baban_Ummi:
Duka biyun na ga sun yi aiki, ya danganta da karen. Abin da ni nake yi in ya kusa isowa sai in miƙe in ja da baya ina tafa hannu, zai biyo ni da abin a baki bai samu damar ajiyewa ba. Sannan in haƙoransa sun gama fitowa ka koya masa "riƙe" daban, ba jifa. Ka zaunar da shi gefenka, ka buɗe bakin a hankali ka sa safar, ka tallafe haɓar da hannu ɗaya kana shafa kansa da ɗayan kana cewa riƙe, riƙe, ɗan lokaci kaɗan sai ka ce ba ni. Ka lura kar leɓensa ya shiga tsakanin haƙori da safar, yana musu zafi. A hankali har ya riƙe kana tafiya yana binka.

Bayan nan sai fiffike. Ka busar da na zabo ko fakara ka ɗaure jikin safar da roba tam yadda ba gashin da ke reto, dan reton ne ke sa su fara figa. Ya saba, sai tsuntsu sukutum amma wanda ya huce, in da firij ka sa ya sandare, ka zura shi cikin safa kai da fiffike a ciki. Mai ɗumi mai jini shine na ƙarshe. Kurciya da hasbiya kuma ka bar su can gaba, gashinsu saurin tsigewa gare shi, yana cika wa kare baki ya tsaya yana tofarwa, daga nan ake koyon figa. Fakara ta fi, gashinta a manne yake.

Ɗan_Fadama:
Ikon Allah, ashe kurciyar ma da nata. To bindiga fa yaushe?

Sarkin_Baka77:
Nan kam ina da abin faɗa. Kar ka kuskura ka tashi bindigar toka a kansa karon farko. Karen da ƙara ta firgita da wuya ya dawo daidai, yana ganin ka saɓa bindiga zai shige ɗaki. Ka ba wani ya je can nesa, inda ƙarar zata zo kamar an tafa hannu, kai kana nan kana wasa da shi ko yana cin abinci. In ya ɗaga kunne ya ci gaba da abinsa to gobe a matso kaɗan. In ya maƙale wutsiya a koma baya. Mu da tsohon kare muke haɗa su, in ya ga babba bai damu ba shima ba zai damu ba. Kuma har yanzu ina kan bakana, ka samu wanda zai nemo ya danne maka ma ka gode Allah.

Kachalla_Nguru:
Mu nan fadamar Haɗeja zuwa Nguru matsalarmu ruwa ne. Ka harbi tsuntsun ruwa irin kirinjijiya ko ɗinya ta faɗa cikin ciyawar kachalla, ko da kwalekwale baka iya kutsawa, to nan kare mai kawowa yake da rana, danne maka a tsakiyar ruwa ba zai amfane ka ba Baba Sarkin Baka. Wanda zai koya wa nashi ruwa kar ya ɗauke shi ya wurga, ka shiga da kanka inda ruwa ke iya ƙwauri da rana ta yi zafi ya biyo ka, banda sanyin safiyar hunturu. In ya fito ka karɓa tun yana bakin ruwa, dan yana taka tudu zai ajiye ya girgije jiki. Ɗinya kuma tana da ƙaho a gwiwar fiffike, mai rauni zata iya yi wa ƙaramin kare illa, kar a tura kwikwiyo.

Sannan a kiyaye, Dagona wurin kare tsuntsaye ne ƙarƙashin gandun dajin Tafkin Chadi, ba a harbi a ciki. Zabbi kuma da damina suke ƙwai, a bari sai an yi girbi.

Likitan_Dabbobi_KD:
Tunda an zo ruwa, kar a bar kare ya ɗauko tsuntsun da aka tarar a mace ba a san me ya kashe shi ba. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna kuma tana dawowa lokaci lokaci, tsuntsayen ruwa na cikin masu yawo da ita. Ɗan_Fadama an yi masa allurar haukan kare? Daga wata uku ake yi, a sabunta duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana haɗa ta. Kullum hannunka zai dinga shiga bakinsa, kar ka yi wasa da wannan. Da maganin tsutsar ciki.

Ɗan_Fadama:
An yi masa ta haukan, maganin tsutsa ne saura, zan je ranar kasuwa in sha Allah. Abin da ban gane ba har yanzu, in mun bar lungu muka fita fili ai zai koma gudunsa, ba bango.

MaharbinGumel:
Igiya doguwa, kamar ta guga, siririya. Ka bar ta tana jan ƙasa, in ya ɗauka ya juya wani wajen ka taka ta ka kira sunansa ka jawo a hankali ba fizga ba. Kuma ka tsaya ta ɓangaren gida, dan in zai gudu can zai nufa.

Gwanki_Ningi:
Duk wannan dogon aiki akan fakara guda. Ni dai na faɗi nawa.

Ba'adare_Tawa:
Ɗan uwa ka gwada jan hwiffiken da nac ce? Ina son in ji ko hanci ƙasa shika sawa ko kai sama.

Ɗan_Fadama:
Ban samu fiffike ba tukuna Malam Ba'adare, sai maƙwabcina ya yanka zabo ranar Juma'a. Baban Ummi, wajen busarwar a rana zan shanya ko a inuwa, kuma ana sa gishiri?

Baban_Ummi:
Ka yanke shi daga gaɓa ka kankare naman da ya rage, ka buɗe shi ka rataye a inuwa inda iska ke bi, sama yadda mage ba zata kai ba. Toka kaɗan a wajen yankan ta isa ta hana ƙuda, gishiri yana sa kare ya dinga lasa. Ka ajiye guda biyu, ɗaya na ja a ƙasa ɗaya na ɗaurawa a safa.